Tsummokaran da Inna ta binne a bayan rumbu

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa. Allah Ya ba mu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshen labarin tukuna, domin duk zagin da zai yi mini na riga shi yi wa kaina. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in an ga kuskure a rubutun a gyara. Wata biyu ke nan ina shirya wannan saƙo a zuciyata ina warwarewa, yau dai na ce ko me za a ce sai na aiko.

Ni mace ce, shekaruna arba'in da shida ko da bakwai. A Tasawa nake zaune da maigidana da 'ya'yanmu shida. Ina tuyar ƙosai a ƙofar gida da safe, shi kuma direba ne, yana bin kasuwannin ƙauye da mota. A unguwarmu an san ni da baki. In mata suka kaure da faɗa a layin ruwa ni ake kira in raba, don na iya jera magana har mai gaskiya ya fara shakkar kansa. Ana yi mini dariya a kan haka, ni ma ina yi. Abin da ba a sani ba shi ne bakin nan nawa ya taɓa kashe auren wata baiwar Allah, ya ɓata mata suna kusan shekara talatin, kuma ba kowa ba ce, uwar mijina ce.

An kai ni gidansu ina 'yar shekara goma sha bakwai, a wani ƙauye cikin ƙasar Hawandawaki. Auren so muka yi, ba ni da abin cewa a kan wannan. Shekarar da ta biyo baya damina ta yi gardama, gero ya fid da kai ya bushe a tsaye. Sojoji ne ke mulki a lokacin, kamar dai yanzu. Maza suka watse neman abinci. Baba, wato uban mijina, bai ma jira an tattara ɗan abin da gona ta bayar ba ya tsallaka iyaka ci-rani. Mijina ya sauka Tasawa yana dako a tasha, sai ya yi sati biyu ko uku kafin mu gan shi. Gida ya rage daga ni sai Inna, uwarsa, da ƙannensa uku ƙanana. Inna a lokacin ba za ta wuce shekarun da nake da su yau ba. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ita ke riƙe da rumbu.

Ni kuwa ga ni da cikin fari. Wadda ba ta taɓa haɗa ciki da yunwa ba ba za ta san abin da nake nufi ba. Inna za ta auno gero da tiya, ta sa yatsa ta share bakin tiyar, abin da ya zubo ta tsince shi ƙwaya-ƙwaya ta mayar rumbu, ina tsaye ina haɗiyar yawu. Sauran cikin sai mu cika shi da anza, wadda muke jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, da ganyen jiga. Na tsane ta. Gara in faɗa yadda yake, na tsane ta irin tsanar da yarinya mai jin yunwa take yi wa duk wanda ya tsaya tsakaninta da abinci. Ko sau ɗaya ban leƙa ƙwaryarta na ga abin da ita take ci ba. Sai da na girma na riƙe nawa gidan sannan na tuna ita ce ta ƙarshe a ci kullum, sau da yawa ma sai ta ce ta ɗanɗana wurin dahuwa, ta tura wa yara nata.

Mata za su gane abin da zan faɗa yanzu. A gida ɗaya ba a tambayar mace ko tana al'ada, salla ce ke faɗa. In aka kira azahar ka ga ta ci gaba da tsinkar ganye ba ta nemi buta ba, an sani. To na lura wata ɗaya, biyu, uku, har huɗu, Inna ba ta yi fashin salla ko sau ɗaya ba. Sannan ta fara cin ƙasa. Na sha kama ta tana ɓantarar jikin rumbu tana taunawa, irin yadda ni mai ciki nake yi a ɓoye. A rijiya in ta ja guga biyu sai ta dafa ice ta rufe ido. Da sassafe, lokacin da kowa ke neman mayafi, ita tana fifita da faifai gumi na bin wuyanta. Ni da wayona na shekara goma sha takwas na haɗa wannan da wannan. Mace ta daina fashin salla, tana cin ƙasa, tana jiri, me ya rage? Baba kuwa wata takwas ba ya gida.

Ana cikin haka aka kawo taimakon dawa, kumandan, wato shugaban yankinmu, ya turo sojoji suka tsaya a kan rabo. Mai rubuta sunaye ɗan garinsu Inna ne, tare suka yi wasan ƙasa. Da layi ya zo kanmu suka gaisa, ya dubi cikina, ya ce a ƙara mana tiya uku saboda mai juna biyu. Ku ji fa, saboda ni aka ƙara. Amma matan da ke bayanmu a layi ba su ji dalilin ba, ƙarin kawai suka gani, da gaisuwar da ta ɗan yi tsawo. A ranar dai an gani, an ajiye a zuci.

Da bazara abin ya faru. Muna daka da hantsi sai jini ya ɓalle mata a tsaye, ya bi ƙafa har dunduniya. Ta saki taɓarya ta shiga ɗaki, na bi ta. Ban taɓa ganin jini haka ba, da gudaji baƙaƙe, wani kamar yankin hanta. Ta yayyaga tsohon zane ta yi ƙunzugu, kafin a jima ya jiƙe, ta sake wani, shi ma haka. Kwana biyu tsummokara suka taru a ƙuryar ɗaki, ga zafi, ga ƙuda. Rijiyar garinmu kuwa ta ja baya, sai mun yi layi tun asuba mu samu tulu biyu, na sha da na dahuwa da na jiƙon anza duk a ciki. Ta dubi tulun, ta dubi tsummokaran, ta ce, “Ba ni wanke wanga da ruwan da yara ka sha.” Da rana tsaka, mata sun tafi ɗibar ganye, ta rarrafa bayan rumbu da fartanya ta haƙa rami ta binne su. Ina tsaye a bakin ɗaki ina kallo, ban kama mata ba. Da ta dawo tana numfashi sama-sama ta ce mini, “Ɗiyata, wanga abu na mata ne, ya tsaya tsakaninmu.” Na ce to.

Kwana uku bayan haka Gwaggo ta zo dubiya. Ƙanwar Baba ce, tana aure a nan cikin garin. A ranar da safe na ƙara hannu ɗaya na gero a kan awon yini, Inna daga kwance ta hango ni ta ce in mayar, na mayar ina hawaye. Ina cikin wannan haushi Gwaggo ta ja ni bayan zana ta ce me ke damun matar wanta ta yi fari fat haka. Na kwashe komai na faɗa mata, sallar da ba a fasa ba, cin ƙasa, jiri, gudaji, ramin bayan rumbu. Ta kalle ni ta ce, “Jini kowace mace na yi nai. Ke mi kika gani da idonki?” Na ji kamar ta raina labarina, kamar ta ɗauke ni yarinya mai surutu. Sai na ji bakina ya ce, “Na ga wani abu kamar ɗan hannu.”

Wallahi tallahi ban ga hannu ba. Ban ga komai ba sai jini. Me ya sa na faɗa? Don hannu ɗaya na gero? Don a ce ni ma na san wani abu? Na tambayi kaina wannan sau ba adadi, har yau ba ni da amsar da zan iya tsayawa da ita gaban Allah. Kafin rana ta faɗi magana ta kai bakin rijiya, washegari ta haɗu da tiya ukun nan da aka ajiye, ta zama cikakken labari mai kai da ƙafa.

Baba ya dawo da ruwan farko, da buhun hatsi a ka, kuma tun a tasha aka tare shi da zancen. Bai yi duka ba, bai ɗaga murya ba. Ya zaunar da Inna da Gwaggo da ni a tsakar gida ya ce in maimaita abin da na gani. Ga dama ta zo mini ta in ce ƙarya na yi, amma idon Gwaggo na kaina, na sunkuyar da kai na maimaita. Inna ta ce, “Jini ne, Malam. Allah shina gani.” Ya ce to me ya sa ta binne. Ta ce babu ruwa. Gwaggo ta yi dariya ta ce tun da take ba ta taɓa jin an ɗauki fartanya don tsumman al'ada ba. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce ta tafi gidansu.

Za ku ce ina ɗanta, me ya sa bai tsaya mata ba? Mijina ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta cin abinci a gabansa, in za ta yi maganarsa sai ta ce “yaron nan”. Da wane baki za ta zaunar da shi ta yi masa bayanin jinin da ke fita daga jikinta? Shi kuma da wane baki zai tambaye ta? Ni ya tambaya, matarsa mai ɗauke da cikinsa, na faɗa masa abin da na faɗa wa kowa. Ranar da za ta tafi ta naɗe tabarmarta, ta kira ni bakin rumbu ta miƙo mini tiyar. Na ɗauka zagi za ta yi ko baki. Sai ta ce, “Tiya guda da rabi a yini za ta kai ku ga sabon gero. Ke ki ƙara ma kanki hannu guda, kina da ciki.” Ta juya ta tafi, ba ta ƙara kallona ba.

Ta koma wurin wanta a wani ƙauye cikin ƙasar Mayahi. Ba ta sake aure ba, wa zai nema da wannan suna a kanta? Baba ya rasu bai mayar da ita ba. Mu kuma muka dawo Tasawa, maigidana ya koyi tuƙi. Ba zan yi masa ƙarya ba, kowace kaka yana kai mata hatsi, da Salla yana kai turmin zane, amma daga ƙofar gida yake gaisuwa, kalma biyu uku ya juya, ba ya shiga ɗakinta. A shekarun baya-bayan nan ma sai ya ba wani ya miƙa. 'Ya'yanmu sun san suna da kaka a ƙauye, ba su san muryarta ba. Ni kuwa da me na rayu duk shekarun nan? Da lallashin kaina cewa hannun ne kawai ƙarya, cikin gaskiya ne. Ai na ga alamomi da idona. Gishiri na ƙara, ban ƙirƙiri miyar ba. Da wannan nake tashi in yi sallata in soya ƙosaina.

Bara jikina ya fara canzawa. Al'ada ta zo yau, ta sake zuwa bayan sati biyu, sannan ta ɓace. Wata uku ban yi fashin salla ba. Na fara sayen farar ƙasa a kasuwa ina ɓoyewa a ƙullin zane, in na samu ƙanƙara in tauna har haƙori ya yi tsami. In na miƙe daga gaban kasko sai duniya ta juya mini, zuciya ta riƙa bugawa kamar na yi gudu. Zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa ka da sanyin safiya, in jawo murfin kwano ina fifita. Maƙwabta suka fara tsokanata wai auta na tafe, ni da jika a hannu, na ce musu Allah Ya kawo, ina dariya ina jin kunya. Ku yarda da ni, ko a lokacin ban tuna Inna ba. Sai ranar da jini ya ɓalle mini a gaban kasko, ya bi ƙafa har dunduniya, na shiga ɗaki na ga gudaji baƙaƙe. Na zauna a ƙasa ina kallonsu, domin na san na taɓa ganinsu. Matar babban ɗana, wanda shi ne cikin da nake ɗauke da shi a wancan lokacin, ita ta kwashe zannuwana ta wanke a bakin famfo, ba ta tambaye ni komai ba, ba ta faɗa wa kowa ba.

Kwana goma sha biyu ina zubarwa kafin na faɗi a tsakar gida aka kwashe ni zuwa asibiti. Aka gwada, babu ciki, tun farko ma ba ciki ba ne. Aka yi hoton mahaifa, babu ƙari. Jinina ne ya yi ƙasa sosai har sai da aka ce a ƙara mini, Allah Ya sa na maigidana ya dace da nawa, aka ɗiba. Yana zaune a bakin gado da auduga a hannu ungozomar da ke dubana ta shigo, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce gara ya ji da kunnensa tunda shi zai sayi magani da cefane. Ta buɗe masa tafin hannuna da fatar idona ta nuna masa yadda suka yi fari. Ta ce mace in ta doshi shekarun ɗaukewar al'ada jikinta kan rikice na wasu shekaru kafin ta ɗauke gaba ɗaya, wata ta riƙa gani sau biyu a wata, wata ya ɓace mata watanni sannan ya dawo da ƙarfi da gudaji, har a ɗauka ɓari ne. Ta ce zubar nan ita ke cinye jinin jiki, daga nan jiri da bugun zuciya da kasala, kuma cin ƙasa da taunar ƙanƙara ma ƙarancin jini kan sa su, ba ciki kaɗai ba. Ta ce duk macen da ta ga haka ta zo a duba ta, don wani lokaci akwai wata cuta a ƙarƙashi, kada a zauna gida ana jiƙe-jiƙe. Ta rubuta ƙwayoyin ƙarin jini da maganin rage zuba, ta ce ya riƙa sayo mini hanta da nama in ya samu, da wake da zogale, in kuma daina bin abinci da shayi.

Ina kwance ina jin kowace kalma tana sauka a kaina. Ina addu'a ta yi shiru ta fita. Sai na ji maigidana, wanda ba ya tambayar mata irin wannan, ya ce, “Madam, ko da mace ta yi wata huɗu ba ta gani ba?”

Ta ce, “Ko shida, Malam.”

Maigidana ya cire audugar ya naɗe ta a hannu yana kallon ƙasa, irin kallon da ubansa ya yi a tsakar gida.

Bayan an sallame ni da kwana biyu, da la'asar, yara sun fita, ya zo ya zauna a gefen tabarmata. Shekara kusan talatin bai taɓa tayar da maganar ba. Ya ce, “Ina so ki hwaɗa mini. Abin da kika gani ga Inna, irin naki ne?” Jama'a, Allah Ya sake buɗe mini ƙofa, mutumin da jininsa ke yawo a jikina ne ke tambaya, a hankali, ba da faɗa ba. Ba Gwaggo a wurin, ba yunwa, ba ƙuruciya, ba abin da zan fake da shi. Na ce, “Na hwaɗa maka tun lokacin. Nata da hannu.” Ya sauke numfashi mai tsawo ya ce to, ya tashi ya ɗauki buta. Abin da ya fi kashe ni shi ne na ga sauƙi a fuskarsa. Domin in nata irin nawa ne, to shi ma shekara talatin yana tsayawa a ƙofar uwarsa a kan banza. Ƙaryata ta farko ta yarinya ce, wannan ta biyun fa, ta wace ce?

Sati uku bayan haka wata maƙwabciyata mai kai kaya kasuwannin Mayahi ta shigo da ƙunshi a ka, ta ce daga tsohuwa. Ashe labarin kwanciyata ya kai wa Inna. Na kwance na ga busasshen zogale, da wake wanda ba zai wuce tiya ɗaya ba, an tsince shi tsaf, da 'yar daddawa. Maƙwabciyar ta ce tsohuwa ta sa ta maimaita saƙon sau biyu don kada ta manta. Wai a ce mini kada in ji tsoro, na shekaru ne, nata ya yi shekara uku yana zuwa yana ɗaukewa sannan ya tafi gaba ɗaya. Wai in ci wake da ganye, kada in ɗauki abu mai nauyi. Sai ta yi dariya ta ce akwai na ƙarshe wanda ita ba ta gane ba, tsufa ne dai. “Ta ce ki wanke tsummanki ko da ruwan sha ne, kada ki binne.”

Na yi dariya tare da ita, na ba ta ƙosai ta kai wa yara. Da ta fita na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da uwata ta rasu. Babu zagi a cikin saƙon, na juya shi ta kowane gefe ban samu ba. Gargaɗi take yi mini kada abin da ya same ta ya same ni. Ni da na haƙa mata ramin da ya fi nata zurfi.

Na aika an tambayar mini wani malami ba tare da an ambaci sunana ba. Ya ce wanda ya yi wa mace ƙazafi istigfari kaɗai bai isa ba, sai ya nemi gafararta, ya kuma wanke ta a gaban waɗanda ya ɓata ta. To Baba yana ƙasa, ta ina zan wanke ta a wurinsa? Matan bakin rijiya rabinsu sun mutu da labarin. Gwaggo tana nan, ta tsufa, kuma na tabbata cewa za ta yi ita abin da aka faɗa mata ta faɗa. Wanda ya rage, wanda maganar za ta yi wa amfani, mutum ɗaya ne, shi ne wanda nake kwana a gidansa.

In na faɗa masa, na san abin da nake jawowa. Mutum ne mai haƙuri amma ba ya mantuwa, ɗan ubansa ne. Zai iya cewa in tafi gidanmu, ni da ba ni da sauran gida, iyaye sun rasu. Ko ya bar ni don yara ya daina kallona, in zama ni ce ake gaisarwa daga ƙofa. 'Ya'yana za su san wadda ta raba su da kakarsu. Matar ɗana da ta wanke mini zannuwa za ta san irin surukar da ni na zama a lokacina. In kuma na yi shiru, maƙwabciyata ta ce idon Inna ya yi rauni, ƙafafunta sun kumbura, wan nata ya rasu, 'ya'yansa ne ke riƙe da ita, ba ta ma fitowa bakin zana yanzu. Za ta mutu da sunan da na sa mata, ɗanta ya tsaya a kan kabarinta yana zaton yana rufa wa mai laifi asiri. Na yi tunanin in tafi wurinta a ɓoye in durƙusa, kuma na san za ta ce ta yafe, ai ta nuna. Amma me yafewarta za ta ƙara mata? Ba ni take so ta shiga ɗakinta ba, yaron nan take so.

Sau uku ina shirya maganar. In kawo masa abinci, in zauna, in buɗe baki, sai in ji ina tambayarsa ko an samu fasinja yau. Ni da ake kira raba faɗa, ni da magana ba ta taɓa ƙare mini ba. Ina shan ƙwayoyina, ina cin zogalen Inna, tafin hannuna ya fara ja, jiri ya ragu, kowa na yi mini barka da samun sauƙi. Jiya da rana ya ci dambun zogalen ya ce ya yi daɗi, ya tambaye ni a ina na saya, na ce a kasuwa.

Kowane sati motar maigidana tana bi ta bakin garin da Inna take, ranar kasuwa, yana wucewa ba ya tsayawa. Jibi ma zai bi. Ban san sau nawa ya rage ya bi tana da rai ba. Don Allah iyayena mata da malamai da duk wanda ya karanta, ku bar zagin zuwa gaba, zan karɓa, yanzu ku faɗa mini, in bar shi ya sake wucewa jibi, ko in tsayar da shi kafin ya tada mota? Me zan yi?